Tatu ya ƙi ɓuya a ƙarƙashin hoda: me zan shafa masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni mai kwalliyar amare ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Wasu samari masu shirya fim sun ɗauke ni aiki. Jaruminsu ya yi shekaru a Libiya, ya dawo da baƙin tatu tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu, ga shi limamin ƙauye zai fito, kuma akwai inda zai naɗe hannun riga. Sau uku ina lafta masa fandeshan da hoda, kafin a kunna kyamara zufa ta wanke, farar rigar ta ɓaci, zanen kuma ya leƙo toka-toka. An ce akwai launin da ake jiƙawa da alkol. Yaya ake aiki da shi? Zai hau kan tabon roba da za mu manna masa a kunci?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba hannunki ne ya gaza ba, kayan ne ba na wannan aiki ba. Fandeshan ɗin amare da mai ko ruwa ake haɗa shi, zaune kawai yake a kan fata. Amarya tana ɗaki ana mata fifita, shi kuwa jaruminki yana tsakar rana a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Dole ya narke.

Abin da aka ba ki labari akwai shi, da shi masu kwalliyar fim ke ɓoye tatu. Busassun launuka ne a jere cikin ɗan akwati, kamar fentin ruwa na 'yan makaranta, sai dai an ɗaure garin launin da wani irin ƙaro da ruwa ba ya narkarwa. Alkol ne kaɗai ke tashinsa. Kina shafawa alkol ɗin zai bi iska nan take, launin ya manne siriri kamar fatar albasa, ba ruwansa da zufa, ba ya bin riga. Wanda aka fi sani shi ne Skin Illustrator, na wani mai kwalliyar fim a Amurka, Kenny Myers. Akwai kuma Reel Creations, da na feshi irin su Endura da Temptu Dura. In za ki ba da saƙo a sayo miki, ki nanata cewa na baƙar fata kike so. Skin Illustrator suna da akwati daban mai suna Dark Fleshtone. Da yawa sun kashe kuɗinsu aka kawo musu na fatar Turawa, ya tashi ba amfani.

Yanzu batun alkol. Wanda ake sayarwa a farmasi mai lamba 70 ki bar shi wa ciwo, kusan kashi uku cikin goma nasa ruwa ne. Ni da kaina na taɓa tsiyaya shi a sabon akwati ranar da nawa ya ƙare a wurin aiki: launin ya ƙi tashi, ya yi danƙo, abin da ya hau fata kuma ya fito dabbare-dabbare. Mai lamba 90 ya fi dama, amma abin da aka ƙera launin dominsa shi ne alkol irin isofrofil mai lamba 99, ko ruwan da kamfanin ke haɗowa da akwatin. Masu sayar da kayan gyaran waya da kwamfuta kan ajiye shi, amma ki karɓi wanda ke cikin kwalbarsa ta asali, a rufe, da rubutu. Kada ki yarda da abin da aka ɗura a gorar ruwa, don wani tina ne na tsarma fenti, kuma alkol ɗin da ake kunna wuta da shi kada ya kusanci jikin mutum. Shi ma na 99 ɗin wuta yake kamawa, saboda haka nesa da mai shayi da mai sigari, ki yi aiki inda iska ke shiga, kuma ba a kai shi kusa da ido.

Ga inda asirin yake, kuma nan ne aikinki ya karkace. Ba a binne tatu da kauri, launinsa ake fara kashewa. Tawadar ba a saman fata take ba, allura ta kai ta can ƙasa, shi ya sa baƙin yake fitowa da ɗan shuɗi-shuɗi ko kore-kore, kamar yadda kike gani a shasshawar tsofaffi da wanzami ya cusa wa baƙin tukunya. In kika ɗora launin fata kai tsaye a kan wannan shuɗin, toka za ki samu, ko sau goma kika maimaita. Abokin gabar shuɗi ruwan goro ne. Ga mai hasken fata, ruwan goro mai haske. Ga wankan tarwaɗa, wanda ya nuna sosai. Ga baƙi, ki ƙara ja har ya koma kamar jar ƙasar gini. In akwai koren tawada a zanen, ja ke kashe shi.

Ki sa ya aske gashin wurin tun daren da gobe za a yi aikin, don alkol a kan sabon aski zafi gare shi, kuma ya aske ɗaya hannun ma don su yi daidai. Da safe kada ya shafa man kaɗe ko basilin. Ki goge wurin da alkol, ki ɗauki siririn burushi ki bi layin zanen kaɗai da ruwan goron nan, kamar mai bin rubutun allo, kada ki taɓa fatar da ba tawada. Burushin ya zama da ɗan laima ne kawai. Kuma dangwalawa ake yi, ba ja ba, domin sabon alkol yana tada launin da ke ƙasa. In kika ja burushi, kin kwashe aikin da kika yi. Ki bari ya bushe, ki sake, har sai kin kanne ido kin ga baƙin ya mutu. Sannan launin fatarsa ya biyo, da guntun soso mai manyan ramuka, shafi biyu ko uku marasa kauri, kina ɗan wuce iyakar zanen don bakin ya ɓace.

A nan za ki ga wurin ya rufu amma ya yi sumul kamar bangon da aka yi wa fenti, ido kuma zai gane. Duba bayan hannunki da kyau: ba launi ɗaya ba ne, akwai ja, akwai rawaya, akwai ɗige-ɗige masu duhu. Sai ki tsarma launi ya yi ruwa-ruwa, ki tsoma tsohon burushin haƙori, ki tsaya kamar taƙi ɗaya daga hannun, ki ja babban yatsa a kan gashin burushin ya yi feshi. Ja kaɗan, ruwan ƙasa mai duhu kaɗan. Ki fara gwadawa a takarda, don feshin farko manyan ɗigo yake zubarwa. Wannan ɗan yayyafin shi ke mayar da fenti fata. Launin yakan bushe ba sheƙi, alhali fatarmu tana da ɗan ƙyalli, to ki dangwala giliserin kaɗan. Mai dai a'a, shi ke sassauta shi.

Abu biyu launi ba ya iya musu. Tatun da ya yi tudu, inuwarsa za ta tona shi in haske ya zo daga gefe, sai ki roƙi mai fitila ya haska daga gaba. Sabon tatu kuma da bai gama warkewa ba, ko fata mai ƙuraje, ba a taɓa su da alkol sam.

Tabon kuncin kuwa, ki tambayi wanda ya yi shi da me aka yi. In silikon ne, wannan launi shi ne daidai, domin kwalliya mai maiƙo zamewa take a kansa. Amma yawanci ana lulluɓe silikon da wata siririyar leda da ake narkar da bakinta ta saje da fata, kuma akwai irin da alkol ne ke narkar da ita, kamar Super Baldiez. In irinta ce, jiƙaƙƙen burushi zai huda miki tabon. Feshi daga nesa za ki yi, ki bari kowane shafi ya bushe. In lateks ne mai kama da soso, shanye launi yake, sai an fara rufe shi da PAX, wato gam ɗin Pros-Aide da aka gauraya da fentin akirilik, dabarar Dick Smith, gwanin Amurka da ya rasu a 2014. Na jelatin kam ban ba ki shawara ba a zafin Maraɗi, zufa da rana za su narkar da shi kafin azahar. Ki kuma bar feshin ya zarce tabon ya hau fatar gaske, shi ke haɗe su.

Na san za a tambaye ki alwala. Wannan ba kamar lalle ba ne da ke rina fata ya bar ruwa ya wuce. Shi rufi ne, kuma ya faɗo daidai inda ake wankewa. Ko dai ya yi alwala kafin ki fara, ko ki shirya da darakta a ɗauki fitowar hannun tsakanin hantsi da azahar, sannan a cire. Cirewar ba wuya: ki jiƙa auduga da alkol ɗin nan ko man goge kwalliya, ki ɗora na ɗan lokaci, ki share a hankali ba dirza ba, ya wanke da sabulu, ya shafa man kaɗe don alkol yana busar da fata. Kwana ɗaya kafin ɗauka ki gwada a ɗan wuri kamar faɗin kwabo, ki ga ko fatarsa za ta yi ƙaiƙayi, sannan ki fito da shi rana ki ɗauki hoto da waya, ki sake ɗauka a inuwa.