Wa Ke Biyan Jigila, La'ada da Gyara Idan An Sayi Tsohon Kwale-kwale?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan fito ne a Goronyo. Na sayi tsohon kwale-kwalen katako mai injin Yamaha a wurin wani mutumin Silame ta hannun dillali, kuma na biya kuɗi. Yanzu mun saɓa a kan kuɗin motar da ta ɗauko shi, da la'adar dillali, da wata ɓaraka da na tarar a gindinsa an shafe ta da kwalta. Wa ya kamata ya biya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ake fara dubawa shi ne sharaɗin da kuka yi lokacin ciniki, domin idan an ambaci wanda zai ɗauki wata ɗawainiya, magana ta ƙare. Idan ba a ambata ba, sai a koma ga al'adar wurin da kuma hukuncin mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Sakkwato suke aiki da ita.

Kuɗin mota naka ne. Aikin mai sayarwa shi ne ya miƙa maka jirgin a mashigin da yake ɗaure, tare da injinsa da duk abin da cinikin ya ƙunsa. Ɗauko shi daga nan zuwa madatsar ruwa ta Goronyo kuwa ɗawainiyar mai saye ce. La'ada tana kan wanda ya sa dillalin aiki, sai dai idan al'adar kasuwarku ta saba da haka. Haka kuma duk wani bashi da ya taru kafin ranar ciniki, kamar kuɗin ƙungiyar 'yan fito ko ladan makanikin inji, mai sayarwa ne zai sauke shi, kai kuma rajista da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, da sayen rigunan kariya suna kanka.

Batun ɓaraka shi ne ya fi damuna. Tsohon jirgi ba ya rasa tabo, kuma aibin da ke bayyane, wanda ka gani da idonka ka amince, ba ka da ikon dawowa a kansa. Amma tsagewar da aka cusa wa tsumma aka bi da kwalta, ta yadda ba za a gane ta ba sai jirgi ya ɗauki buhunan albasa ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙafar fasinja, wannan ɓoyayyen aibi ne. Littafin Risala na fiƙihun Malikiyya ya ba ka zaɓi biyu: ko ka riƙe jirgin a yadda yake ba tare da neman ragi ba, ko ka mayar da shi ka karɓi kuɗinka cif. Ragin farashi ko raba kuɗin gyara yana halatta idan kun daidaita a kansa ta hanyar sulhu, amma ba za ka tilasta masa ba matuƙar jirgin bai sauya a hannunka ba. Idan kuwa aka tabbatar ya san da ɓarakar ya ɓoye, to ya yi algus, kuma Muhtasar na Shaihu Halil ya ɗora masa ɗawainiyar mayar da kayan inda aka ɗauko su, har ma da asarar idan wannan aibin ne ya halaka jirgin.

Ina roƙonka don Allah kada ka ɗauki ko mutum ɗaya a cikinsa kafin a warware wannan magana, musamman a watan Agusta da gulbin Rima yake cika yana tumbatsa. Kada kuma ka yi gaggawar gyarawa ko ka ci gaba da fito da shi, domin yin haka bayan ka ga aibin ana iya ɗaukarsa a matsayin ka yarda. Ka jawo shi tudu, ka kira kafintan jirgi ya kankare kwaltar a gaban shaidu biyu ya faɗi ko tsagewar tsohuwa ce, ka ɗauki hoto da wayarka, sannan ku je gaban sarkin ruwa tare da dillalin. Idan mutumin ya ƙi sulhu, wannan shaidar ce za ka gabatar wa alƙali.