Ina so in ajiye aiki a Ingila in dawo Gombe da fam 70,000: za su riƙe ni?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni haifaffen Gombe ne, shekaruna 50, kuma shekara 12 ke nan ina aikin kula da tsofaffi a Ingila. Aikin dare da sanyi sun fara cin jikina. Na tara fam 70,000, ina da takardar zama ta dindindin amma ban karɓi ta zama ɗan ƙasa ba, kuma ina da gini a Tumfure wanda ya kai linta. Maiɗakina da yara uku suna gida. Abokaina na cewa in na canza kuɗin nan zuwa naira, da arahar rayuwar Gombe, na gama aiki har abada. Shin in ajiye aikin in dawo?

Amsa

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa abin da ka tara albarka, domin tara irin wannan kuɗi daga albashin mai kula da tsofaffi ba ƙaramin haƙuri ba ne. Amsata ita ce kuɗin zai iya dawo da kai gida cikin mutunci, amma ba zai ɗauki nauyinka da na iyalinka ba idan nufinka shi ne ka daina neman ko sisi daga yanzu.

Abokanka sun kalli jimillar ne. Idan muka ɗauka fam ɗaya naira 2,000 ce, don sauƙin lissafi, kana da naira miliyan 140, kuma wannan adadi yana da daɗin ji. Sai dai mai ritaya ba jimilla yake ci ba, abin da zai iya cira duk shekara ba tare da uwar kuɗin ta ƙare kafin shi ba, shi ne abincinsa. A 1994 wani mai ba da shawara kan kuɗi a Amurka, William Bengen, ya bi tarihin kasuwannin ƙasarsu ya nuna cewa wanda ya cire kashi 4 cikin 100 na dukiyarsa a shekarar farko, sannan ya riƙa ƙarawa daidai da tsadar kaya, dukiyar takan kai shi shekara 30. Lissafin nasa na kuɗin da aka zuba a hannun jari da takardun bashin gwamnatin Amurka ne, ba na wanda ke kwance a asusu ba, kuma mai shekara 50 yana iya wuce shekara 30 nan gaba in Allah ya yi masa tsawon rai. Duk da haka mu ara ma'aunin: kashi 4 na kuɗinka fam 2,800 ne a shekara, wato wajen fam 233 a wata, kusan naira 466,000. Ka ɗora wannan a kan abin da kake turo wa gida yanzu duk wata, za ka ga da kanka ko ya kai, alhali a yanzu kai ba ka cikin masu cin tukunyar.

Akwai kuma abin da lissafin Turawa bai san da shi ba, wato zakka. Kuɗin da ya kai nisabi ya kuma shekara a hannunka ana fitar masa da kashi 2.5, wanda a kan fam 70,000 ya kama fam 1,750, fiye da rabin abin da muka ware maka na shekara. Wannan haƙƙi ne da ba a ciniki a kansa, saboda haka dole ya shiga lissafi tun farko. Haka ma ginin Tumfure: daga linta zuwa tarewa akwai rufi, filasta, ƙofofi da tagogi, tayil, ga rijiyar burtsatse ko sayen ruwan tanka, ga sola da batura tunda wutar JED, kamfanin rarraba lantarki, ba abin dogaro ba ce a zafin Maris da Afrilu. Duk fam ɗin da ya shiga siminti ya fita daga cikin masu ciyar da kai.

Yanzu mu zo kan arahar da ake magana. Araha ba hali ba ce da ƙasa take da shi na dindindin, dangantaka ce tsakanin kuɗin da ke hannunka da farashin kasuwa, kuma tana sauyawa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati; da Babban Banki ya saki canji, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya canza duk abin da ya mallaka zuwa naira a farkon 2023 ya wayi gari da kashi ɗaya cikin uku na darajar kuɗinsa in aka auna da kuɗin waje a farashin gwamnati. Wanda ya bar nasa a fam ya ji daɗi na ɗan lokaci, amma kasuwa ta biyo shi: bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024, kuma a Disambar wannan shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8. A 2025 canjin dala ya lafa a wajen naira 1,500, kuɗin makaranta da na haya da na magani kuwa ba su tsaya jiransa ba. Ma'ana, mai fam ma yana iya ganin fam ɗinsa ɗaya yana sayen ƙasa da abin da ya saya bara a kasuwar Tudun Hatsi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne tazarar shekara 17. A tsarin Ingila, mai shekarunka ba zai fara karɓar fanshon gwamnati ba sai ya cika 67. Ana buƙatar aƙalla shekara 10 na biyan gudummawar inshorar ƙasa kafin a sami wani abu, shekara 35 kuma kafin a sami cikakke, wanda a shekarar kuɗi ta 2025/26 ya kama fam 230.25 a mako. Idan duk shekarunka 12 sun shiga lissafi, rabonka wajen fam 79 ne a mako, kuma kowace shekarar da ka ƙara tana ƙara maka fam 6 da 'yan kai a mako har ƙarshen rayuwa. Sannan ka sani Najeriya tana cikin ƙasashen da Ingila ba ta yi wa fanshon mazauna cikinsu ƙarin shekara-shekara, don haka adadin da aka fara biyanka da shi, a nan zai tsaya. Fanshon wurin aikinka ma ba za ka taɓa shi yanzu ba: mafi ƙarancin shekarun cira 55 ne, kuma daga Afrilun 2028 zai koma 57, wanda shi ne zai hau kanka.

Batun takarda kuwa kada ka yi wasa da shi. Takardar zama ta dindindin tana mutuwa idan mutum ya yi shekara 2 a jere a wajen Ingila, ta zama ɗan ƙasa kuwa ba ta mutuwa, kuma tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yarda wa ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe ƙasa biyu. Idan ka cika sharuɗɗa, ka nema kafin ka ɗaure kaya, domin ita ce za ta bar maka ƙofar komawa aiki na 'yan watanni in abubuwa suka matse. Amma ko da fasfo ɗin, jinyar kyauta ta NHS, wato hukumar lafiyar Ingila, ta mazauna ƙasar ce. A nan gida ka yi wa kanka da iyali rajistar GoHealth, wato inshorar lafiya ta jihar Gombe, ka kuma ware wani kuɗi daban da ba a taɓawa, saboda ciwo irin na ƙoda mai buƙatar wanki duk mako yana iya cinye tarin shekaru cikin ɗan lokaci; kai da kake aiki da tsofaffi ka fi ni sanin yadda jiki ke juyawa bayan 60.

Na zauna da wani bawan Allah da ya dawo garin nan da abin da ya fi naka, ya buɗe mini littafin da yake rubuta kashe-kashensa. Cefane da kuɗin makaranta ba su wuce abin da ya tsara ba. Abin da ya karya shi yana shafukan baya: takardar asibitin gwaggo, gudummawar aure, kuɗin jarrabawar 'ya'yan ƙanne, jarin da aka ce aro ne. Kullum bayan sallar asuba akwai mai jiransa a ƙofar gida, kuma babu maƙaryaci a cikinsu, buƙatar gaskiya ce. Zumunci wajibi ne, amma ka yanka masa kaso sananne a wata, ka kuma sanar da maiɗakinka adadin, don ku riƙa magana da baki ɗaya.

Da ni ne kai, zan ƙara shekara 3 zuwa 5, in nemi komawa aikin rana ko rage awoyi don jiki ya huta, in ƙarasa ginin daga albashi ba daga ajiya ba, in tabbatar takardun filin sun bi ta GOGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Gombe. Kafin ajiye aiki zan zo in yi wata 3 a gida, har da lokacin zafi, ina rayuwa a kan wannan naira 466,000 kawai ina rubuta komai. Mafi yawan kuɗin zan bar shi a fam, in riƙa sauko da na shekara guda. Abin da ke naira kuma kada a jibge shi wuri ɗaya, domin inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, naira miliyan 5 take rufewa ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci. Idan kana gudun riba, akwai Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardun zuba jari marasa ruwa, da aka fara fitarwa a 2017, akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ. Duk wanda ya zo maka da alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ka tuna yadda kuɗin mutane ya maƙale a tsarin ninka kuɗi na MMM a 2016.

Ka kuma dawo da wani aiki a hannu. Ƙwarewar shekara 12 a kula da tsofaffi da masu shanyewar ɓarin jiki abu ce da gidaje da yawa a Gombe suke nema ba sa samu, kuma ko naira 200,000 ta shigo maka a wata ta wannan hanya, ta rage abin da za ka riƙa cira daga ajiyarka da kusan rabi.