Batun ƙwan lantarki, da yadda muke ɗaukarsa a Amurka

Ƙanena, ka tambaye ni ko gaskiya ne baƙin mutum ne ya ƙirƙiro ƙwan lantarki Turawa suka ƙwace, kuma me ya sa mu Hausawan da ke New York ba ma ɗaga murya a kan maganar. Saƙon da ka turo mini ya ce haka, ya kuma ce baƙaƙen Amurka ne suka ƙirƙiro danjar titi da gyaɗar shafa wa burodi.

Mutumin da ake nufi sunansa Lewis Latimer. An haife shi a 1848 a jihar Massachusetts, iyayensa bayi ne da suka gudo daga Virginia. Gwanin zane ne, shi ya zana wa Alexander Graham Bell taswirar tarho da Bell ya nemi takardar mallakar ƙirƙira da ita a 1876. Thomas Edison ya samu takardar ƙwansa a Janairun 1880, a Ingila kuma Joseph Swan yana kan irin wannan aikin. Abin da Latimer ya yi shi ne gyara hanyar sarrafa siririn zaren gawayin da ke ci a cikin ƙwan, ya samu takardarsa a 1882 yana aiki a kamfanin Hiram Maxim, abokin gasar Edison. Sai a 1884 ya koma wurin Edison. Gidansa yana nan a unguwar Flushing ta New York an mayar da shi gidan tarihi, mukan kai yara su ga teburin zane da ƙwayayen wancan zamani. Aikinsa babba ne, amma ba shi ya fara ƙwan ba, Edison ɗin ma ba shi kaɗai ba ne.

Haka zancen danjar titi: Garrett Morgan, baƙin Ba'amurke, ya samu takarda a kan tasa a 1923, alhali tun 1868 an kafa wata mai aiki da iskar gas a Landan. George Washington Carver kuma, baƙin masanin aikin gona, ba shi ya fara markaɗa gyaɗar shafa wa burodi ba, wani ɗan Kanada ya yi rajistarta a 1884. Gagarumin aikin Carver a makarantar Tuskegee ta jihar Alabama yake, inda ya koya wa talakawan manoma shuka gyaɗa da dankali don farfaɗo da ƙasar da auduga ta tsotse.

To me ya sa ba ma gyara wa maƙwabtanmu baƙaƙen Amurka zance a shagon aski ko bayan sallar Juma'a? Mu a jirgi muka zo da fasfo a hannu. Su kakanninsu a sarƙa aka kawo su, kuma an daɗe ana goge sunayensu da gangan. A 1858 babban lauyan gwamnatin Amurka, Jeremiah Black, ya yanke cewa abin da bawa ya ƙirƙiro ba a ba shi takardar mallaka, shi ba a ba shi ba, ubangidansa ma ba a ba shi ba. Bawan da aka yi maganar a kansa, Ned, wani garmar kankare gonar auduga ya ƙera. Morgan ɗin nan ma, lokacin da yake tallar hular kariya daga hayaƙi da ya ƙirƙiro, sai da ya riƙa sa Bature a gaba a matsayin mai abin don masu saye kada su gudu. Wanda aka yi wa wannan, in ya ɗan ƙara gishiri, ba baƙon jiya ne zai tsaya a bainar jama'a ya ƙaryata shi ba. Ko a gida ba ka shiga zauren mutum ka gyara masa tarihin kakansa.

A cikin gida kuwa lamarin daban ne. Duk Fabrairu, watan tarihin baƙar fata, wanda masanin tarihi Carter Woodson ya faro a matsayin mako guda a 1926, yara kan dawo da aikin makaranta: a manna hoto a kwali, a rubuta abin da mutum ya yi. A nan muke sa ido. In yaro ya rubuta "Latimer ya ƙirƙiro ƙwan lantarki", sai a sa shi ya goge ya rubuta zaren gawayi da shekarar. Akwai masu jiran irin wannan kuskuren, da zarar sun kama ɗaya sai su ce duk jerin ƙarya ne, har da na gaskiyar, kuma yaronka ne zai tsaya gaban aji ba shi da amsa.

Saƙon da ka turo mini, kada ka tura shi gaba yadda yake. Cire danja da gyaɗa, ka gyara na Latimer, ka ƙara labarin Ned.