Tambaya da Amsa: Wane jirgin ƙasa ya dace in hau da Baba?

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Mahaifina ya yi ritaya bana, shekarunsa 68, kuma tun ina ƙarama nake jin yana cewa ba abin da yake sha'awa kamar doguwar tafiya a jirgin ƙasa. Mu 'ya'yansa mun haɗa kuɗi za mu kai shi hutu ƙasar waje, ni zan raka shi. Na ga hotunan Orient Express, sun tafi da hankalina. Sai dai Baba yana fama da ciwon gwiwa, da sanda yake tafiya, kuma yakan tashi sau biyu ko uku cikin dare. Shi za mu hau, ko akwai wanda ya fi dacewa? Daga wata mai karatu.

AMSA: Ƙanwata, Allah ya yi muku albarka, ke da 'yan uwanki. Na ji daɗin wasiƙarki, musamman da kika ambaci gwiwa da tashin dare, don nan amsar take.

Jirgin da kika gani shi ne Venice Simplon-Orient-Express, wanda ya fara aiki a 1982 da taragan shekarun 1920 da 1930 da aka yi wa gyara. Fitacciyar tafiyarsa daga Paris ne zuwa Venice a Italiya, kwana ɗaya. Kyau kam ba a magana. Amma abin da hoto ba ya nunawa shi ne, ƙananan ɗakunansa na asali ba su da banɗaki a ciki. Wurin wanke fuska da hannu kawai ne, banɗakin kuwa yana can ƙarshen tarago, na kowa da kowa, kuma babu shawa. Gadajen biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da tsani ake hawa na saman. Ki ƙiyasta Baba da sandarsa ƙarfe uku na dare, a siririn lungu, jirgi yana jijjiga. Akwai manyan ɗakuna masu banɗaki, amma ƙaramin ma dubban fam ne kan mutum ɗaya, balle su. Ni dai ba zan kai dattijo mai ciwon gwiwa wannan ƙaramin ɗaki ba.

Ki waiwayi Afirka ta Kudu. Jirage biyu ne na alfarma ke bin hanyar Pretoria zuwa Cape Town, tafiyar kimanin kilomita 1,600: Blue Train, mai kwana biyu, da Rovos Rail, mai kwana uku, wanda Rohan Vos ya kafa a 1989. Dukansu kowane ɗaki da banɗakinsa, kuma za ki iya neman gadaje biyu a ƙasa, ba hawan tsani. Na biyun na hau, kuma shi nake ba ki shawara, saboda ba ya sauri, gudunsa ba ya wuce kilomita 60 a awa. Mutumin da ya shekara arba'in yana marmarin jirgin ƙasa ba ya bukatar a gaggauta sauke shi.

Taragon ƙarshe yana da baranda a buɗe. Safiyar da muka shiga busasshen filin Karoo na fita can da kofin shayi, na tarar da wani tsoho lulluɓe da bargo, ya riga ni. Mun fi awa guda a zaune ba wanda ya ce uffan. Layin dogo yana ta fita daga ƙarƙashinmu, tumaki jefi-jefi, nan da can injin jan ruwa mai fanka yana juyawa shi kaɗai a tsakiyar fili. Sai da na kai kofin baki na ga shayin ya huce tuntuni. Tun da na karanta wasiƙarki wannan kujera nake hango wa Baba.

Jirgin yana tsayawa a Kimberley, a kai ku ku ga ƙaton ramin nan da masu neman lu'ulu'u suka haƙa da diga da shebur daga 1871 zuwa 1914. Dab da garin akwai tafkin Kamfers, inda a da in an dace akan ga tsuntsayen filamingo masu dogayen ƙafafu, har ruwan ya koma launin hoda saboda yawansu. Sai kuma Matjiesfontein, ɗan ƙauye mai gine-ginen zamanin Sarauniya Victoria. Ba dole ne a sauka ba. In gwiwa ta ƙi, Baba ya zauna abinsa, ba abin da zai rasa na abinci ko hidima.

Ga abin da za ki yi tun kafin ki biya. Ki rubuta wa kamfanin ki faɗa musu yanayin Baba dalla-dalla, ki roƙi ɗaki kusa da taragon cin abinci, domin jirgin dogo ne, lungunansa matsattsu ne, sintiri sau uku a rana ba ƙaramin aiki ba ne ga mai sanda. Ki haɗa da abin da likita ya hana shi ci da wanda ba ku ci, don ɗakin girkin jirgi abin da aka loda a tasha shi ke nan. Abincin dare da shigar girma ake zuwa, maza kwat da naktaye, mata doguwar riga, don haka ki tambaye su a rubuce irin shigar da suke karɓa. Magungunansa su kasance a ƙaramar jakar hannu, kuma ki yi masa inshorar tafiya da ta ƙunshi ciwon da yake da shi.

Kada ki sayi tikitin jirgin sama na ranar da za ku sauka. Waɗannan jirage layi ɗaya suke bi da jiragen kaya, jinkirin awoyi abu ne da ke faruwa. Ku kwana a otal a Cape Town, ko kwana biyu ne, Baba ya huta. Ki kuma tuna lokacin sanyinsu daga Yuni ne zuwa Agusta, kuma sanyin daren Karoo yana shiga ƙashi. Satumba ko Oktoba ya fi wa mai ciwon gwiwa.

In kuwa Baba ya ce lallai Turai yake so, akwai Glacier Express a Suwizalan, daga Zermatt zuwa St. Moritz, kimanin awa takwas, gadoji 291, hanyoyin cikin dutse 91, yana hawa har mita 2,033 a mashigar Oberalp. Da rana kawai yake tafiya, barci a otal, kenan maganar tashin dare ta kau. Sai an kama kujera tun da wuri, kuma yakan dakata daga tsakiyar Oktoba zuwa cikin Disamba. Wannan bizar Schengen yake bukata, wato bizar bai-ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ku ɓoye masa da sunan ba-zata. Ki zauna da shi, ki buɗe taswira, ki nuna masa hanyoyin biyu, shi ya zaɓa. Ki gaishe min da Baba, in kun dawo ki rubuto min wanda ya ɗauka.