Kun Tambaya: Kuɗin bincike, mu 'yan Zango me muke samu a ciki?

TAMBAYA

Salamu alaikum Malam. Ni mai sayar da waakye ce a Nima, shekara na goma sha biyu a bakin titi ɗaya. Dan Allah ina so ka fahimtar da ni wani abu, sau uku yanzu wasu yara suna zuwa wurina da tablet a hannu suna tambaya ta nawa nake samu a rana, mu nawa ke kwana ɗaki ɗaya, ina muke zuwa bayan gida, na ba su amsa tsakani da Allah suka tafi ban ƙara jin ɗuriyarsu ba. Yanzu kuma na ji a rediyo wai gwamnati za ta riƙa ware kuɗi don bincike. Toh ba gara a ɗauki kuɗin a gyara mana gwata ba? Ruwa in ya sauko har cikin ɗaki yake same mu.

Wata Hajiya, Nima, Accra

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Maganar gwata kina da gaskiya, duk wanda ya ga abin da ya faru a Kwame Nkrumah Circle a Accra ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobara suka haɗu mutum sama da 150 suka rasu, ba zai ce miki ruwa wasa ba ne.

Amma bari in kai ki Navrongo can arewacin Ghana. A shekarun 1990 masu bincike sun raba gidan sauro mai magani a wasu ƙauyuka suka riƙa bin yaran suna ƙirgawa, sai aka ga mutuwar ƙananan yara ta ragu da kusan kashi 17 cikin 100. Gidan sauron da ake ba mai ciki kyauta a asibiti yau, irin wannan aikin ne ya sa gwamnatoci suka yarda su zuba kuɗi a kansa. A Navrongon ne kuma aka gwada ajiye nas a cikin ƙauye ta zauna da mutane tana bi gida gida maimakon a jira mara lafiya ya yi tafiyar mil da yawa, da aka ga yana aiki sai ya zama tsarin CHPS, wato kai kula da lafiya cikin al'umma, na ƙasa baki ɗaya. Su ma matan Navrongo haka aka riƙa damunsu da tambayoyi Hajiya, kamar ke.

Abin da kika ji a rediyo, dokar Asusun Bincike na Ƙasa ce, majalisa ta zartar da ita a 2020, amma an ɗau shekaru kafin asusun ya fara motsi. Tarayyar Afirka ta ce kowace ƙasa ta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara kan bincike, Ghana ko rabin hakan ba ta kai ba. Shi ya sa malamanmu na jami'o'in Legon da KNUST yawanci sai sun nemi kuɗi daga Turai da Amurka, kuma wanda ya ba da kuɗin ai shi ke faɗin tambayar da za a yi, ba ke ba, ba ni ba.

Nan ne abin yake min ciwo wallahi. Binciken rayuwar iyali da Hukumar Ƙididdiga ta yi a 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 23.4 cikin 100 na 'yan Ghana talakawa ne, amma a yankin Greater Accra kashi 2.5 kawai. Kin ga an haɗa ki da mutanen unguwannin masu kuɗi irin su East Legon da Airport a lissafi ɗaya, mai zaune a ofis in ya kalli wannan lambar sai ya ce Accra lafiya lau, a kai tallafi wani wuri, alhali a Nima da Maamobi da Sabon Zongo ga mutum takwas a ɗaki ɗaya, ga layin bayan gida tun asuba, ga kayaye, mata 'yan dako, suna kwana a bakin shago. In babu wanda ya shiga lungu ya ƙirga wannan da kyau, ko Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 da me zai auna unguwar da ta fi matsuwa? Haka LEAP, tallafin kuɗi na gwamnati ga gidajen talakawa da aka fara a 2008, da irin tambayoyin nan ake tantance gidan da zai samu.

Inda ban yarda da masu binciken ba shine tafiyar da suke yi ba waiwaye. Sun ci lokacinki kina tsaka da ciniki, haƙƙinki ne su dawo su faɗi abin da suka gano, da Hausa, a ƙofar Sarkin Zango ko a masallaci bayan Juma'a. In sun sake zuwa ki nemi katin shaidarsu, ki tambaye su wa ya aiko su, wa ya biya, yaushe za a ji sakamako, kuma duk tambayar da ba ta kwanta miki ba kina da damar ƙin amsawa. Ki kuma samu asambuliman, wato wakilin unguwarku a asambuli (majalisar ƙaramar hukuma), ke da sauran mata 'yan kasuwa ku ce a rubuta gida nawa ruwa ya shiga a daminar bana, da hotuna da kwanan wata, a kai wa asambuli kafin su zauna kan kasafin baɗi.