Na taɓa shan ƙwaya, zan samu takardar lafiya ta tuƙin jirgin sama?

Tambaya: Likita, assalamu alaikum. A Shara Mansur ta Makka na tashi, shekarata 24. Lokacin da nake sakandare abokai suka koya mini shan kaftagon, wata ƙwaya mai hana barci, don karatun dare, har ta kai an kwantar da ni asibiti. Yau shekara uku ban taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Ina son shiga makarantar koyon tuƙin jirgi, amma wani yayana ya ce in yi shiru da maganar asibiti. Me za ka ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya ƙara maka ƙarfin hali. Shawarar yayanka ce ba zan bi ba.

A nan Saudiyya hukumar kula da sufurin jiragen sama, wato GACA, ce ke ba matuƙa takardar lafiya, kuma an gina dokokinta bisa tsarin Amurka. Wanda zai tuƙa jirgin haya sai ya samu takarda mai daraja ta ɗaya, ana sabunta ta lokaci-lokaci muddin yana aiki. Dokar Amurka ta raba abu biyu: wanda ya yi shaye-shaye, da wanda ƙwaya ta kama shi har ya kasa dainawa. Na biyun ba ya samun takarda sai ya kawo hujjar likita cewa ya warke, tare da aƙalla shekara biyu cur ba tare da ya taɓa komai ba. Kwanciyarka asibiti na iya jefa ka rukuni na biyu. Shekara ukun da ka yi jari ce babba, amma cewar baki ba ta isa. Likitan hukuma takarda yake karantawa: rahoton asibitin da ya sallame ka, sabon bincike daga likitan ƙwaƙwalwa, da gwaje-gwajen fitsari masu kwanan wata. Fitsari na nuna kaftagon na 'yan kwanaki ne kawai, shi ya sa wani lokaci a kan yanki gashi, wanda ke riƙe labarin kusan wata uku.

Ɓoyewa kuwa, fom ɗin neman takardar na tambaya ƙarara game da tarihinka da kayan maye, kuma kai za ka sa hannu. Ranar da fayil ɗin asibiti ya fito, ba maganar ƙwaya za a yi ba, maganar ƙarya za a yi, ita kuma takan tafi da lasisin gaba ɗaya. Faɗin gaskiya kuwa ba lallai ya rufe maka ƙofa ba: Amurka ma tun shekarun 1970 take da shirin HIMS da ke mayar da matuƙan da suka warke bakin aiki ƙarƙashin sa ido.

Kada ka biya makaranta ko riyal ɗaya kafin ka ga likitan da GACA ta amince da shi. Tafi da fayil ɗinka a hannu. In kana shan tiramadol ko maganin barci, ko da likita ne ya rubuta maka, faɗa masa a zaman farko.