Allon shago ko zanen baje koli?

Ka tambaye ni, yarona, wai mutum zai iya ci da iyalinsa da zanen da ransa ke so, irin wanda ake ratayewa a ɗakin baje koli, ko kuwa ƙarshensa rubuta allunan shaguna da tsara fastoci. Ka ce kana tsoron kada aikin kasuwa ya kashe maka hannu.

Dubi waɗanda suka riga mu. Erhabor Emokpae, mutumin Binin da aka haifa a 1934 ya rasu a 1984, ya shafe shekaru yana tsara tallace-tallace a kamfanin Lintas da ke Legas, kuma shi ɗin ne dai aikinsa ya ƙawata babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, inda aka yi bikin al'adun Afirka na FESTAC a 1977. Lemi Ghariokwu shi ya koya wa kansa zane, sunansa kuma ya fito ne daga bangon faya-fayan mawaƙi Fela Kuti, sama da 20 da ya zana. Aikin kasuwa ne tsantsa, amma yau har ƙasashen waje ake baje shi. Yusuf Grillo, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, ya koyar a kwalejin fasaha ta Yaba da ke Legas, yana karɓar kwangilar gilasai masu launi na gine-gine, yana kuma zanensa mai yawan shuɗi har ya rasu a 2021. Duk cikinsu babu wanda kwangila ta hana shi zama gwani. Abin da ke lalata hannu shi ne sabo da aikin a-yi-a-gama, kuma wannan a kan allo yake farawa.

Don haka da harafi za ka fara. Nemi burushi mai faɗin baki da tsofaffin jaridu, ka juya jaridar a kwance yadda layukanta za su zame maka ma'auni. Ka yi ta jan layi a tsaye, a kwance, a karkace, sannan mai lanƙwasa, kowanne da ja ɗaya ba tare da komawa kansa ba. Tazarar haruffa da ido ake auna ta, ba da tef ba: H da I suna son fili a tsakaninsu, A da W kuwa sai an matso da su, in ba haka ba kalmar ta yi giɓi. Harafi mai da'ira kamar O ko S ana barinsa ya ɗan haura layin sama da na ƙasa, domin idan ya tsaya daidai da sauran sai ido ya gan shi ƙarami.

Yanzu ɗauki allon ƙarfe mai ƙafa 8 da 4, wanda aka fi kawowa. Kafin komai ka gane irin farantin. Idan baƙin ƙarfe ne, ka goge tsatsa da samfefa har ya yi haske, musamman wuraren walda, ka share maiƙon da tsumma da tina, wato ruwan tsinka fenti, sannan ka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa a ranar, gaba da baya har da gefuna. Tsatsa daga baya da gefe take cinyowa, inda malalaci ba ya kai burushi. Idan kuwa farin kwano ne mai ƙyalli, a nan yara ke faɗawa rami. Fentin mai ba ya jituwa da sinadarin da aka lulluɓe kwanon da shi. Zai kwanta lafiya ƙalau, bayan 'yan watanni ya riƙa ɓantarewa falle-falle. Sai ka wanke shi, ka kashe ƙyallin da samfefa mai laushi, ka sa fentin ƙasa wanda aka yi musamman domin irin wannan kwano.

Allon nan bai wuce murabba'in mita 3 ba, lita ɗaya ta fentin mai kuma tana rufe wajen 10 zuwa 12, saboda haka lita guda ta isa shafi uku a fuska ɗaya. Kada tina ta wuce kashi ɗaya cikin goma. Wanda ya tsinka fenti don ya yi auki, launin zai fito a kwance babu sheƙi, ƙasan yana leƙowa. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kaurin samansa ke bushewa cikinsa na danye, sai ya yamutse ko ya zubo da hawaye. Tsakanin shafi da shafi ka bar shi ya kwana. Da hunturu ka yi aikin a cikin rumfa, ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka buɗe gwangwani, in ba haka ba ƙura ta zauna a kan ɗanyen fenti ya zama kamar samfefar da ka gama aiki da ita. Da damina kuwa laima ke ja masa lokaci, kada ka yarda da taɓawar yatsa kawai. Bango sabon shafe kuma a ba shi kamar mako 4, don ɗanyen siminti yana cin fenti.

Girman harafi yana da ƙa'ida: inci 1 na tsawo ga kowace ƙafa 10 ta nisan mai karatu. Idan daga tsallaken titi za a karanta, ƙafa 100, sunan shago na son inci 10. Mai shago zai so ka zuba masa duk kayan da yake sayarwa, da lambobin waya uku, da addu'a. Ka lallashe shi. Mai wucewa a kan babur abu uku zai iya ɗauka: suna, sana'a, lamba ɗaya. Ka ja layukanka da zaren da aka turbuɗa a garin alli, ka ƙirga haruffa har da filin da ke tsakanin kalmomi, ka fara zanawa da alli daga tsakiya zuwa gefe biyu. Wanda ya fara daga hagu shi ne ke matse haruffan ƙarshe a lungu. Kuma kada burushi ya taɓa allo sai mai shi ya rubuta maka kalmomin da hannunsa a takarda, ka karanta masa lambar waya da baki ya amsa. Gyaran lamba ɗaya a busasshen allo yana cin kwana biyu, tabon kuma ba ya ɓoyuwa.

Wajen launi, baƙi a kan rawaya da fari a kan shuɗi mai duhu su suka fi karantuwa daga nesa. Ja a kan kore ko a kan shuɗi rawa yake yi a ido. Ja shi ne kuma farkon koɗewa a ranarmu, balle allon da ke kallon yamma, don haka in za a yi rowa a sayen fenti, kada a yi ta a kan ja.

Aikin kwamfuta bai canza waɗannan ƙa'idoji ba, sai dai ya zo da nasa tarkon. Tambarin kamfani a manhajar CorelDRAW ko Illustrator ake zana shi, da layukan da ba sa fashewa komai girman da aka ja su. Wanda aka haɗa a manhajar waya a matsayin hoto, ranar da aka buga shi a babbar bana, wato ƙyallen talla, sai ka ga gefunansa sun zama tsani-tsani. Ka gwada kowane tambari sau biyu kafin ka nuna wa mai shi: ka rage shi zuwa girman hatimi, ka kuma mayar da shi baƙi da fari. In ya ɓace a ɗayansu, bai nuna ba tukuna. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, wato RGB, injin bugawa kuma da tawada huɗu, CMYK. Shi ya sa shuɗin da ke walƙiya a waya yake fitowa a dushe ko ya karkata zuwa shunayya. Ka tsara aikin a CMYK tun farko, ka sa a buga maka ɗan yanki ka gani kafin a saki mita ashirin. Abin da za a yanka, kamar kati ko fasta, ka bar launin ya zarce iyaka da milimita 3, don wuƙar maɗaba'a ba ta faɗawa daidai kullum.

Sai abin da ya shafe mu mu kaɗai, haruffa masu ƙugiya. Ba kowane salon rubutu ke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Ka zaɓi mai su, kuma kafin ka kai fayil wurin masu bugawa ka mayar da duk rubutun ya zama zane, domin idan kwamfutarsu ba ta da salon da ka yi amfani da shi, wurin harafin sai ɗan akwati fanko, kuma sau da yawa sai bana ta fito ake lura. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, don in ka tura a matsayin hoto matse shi yake yi.

Batun kuɗi gajere ne. Lissafa kayan aiki, da kwanakinka, da sufuri, da ladan mai walda, sannan ka faɗi farashi. Kafin alƙalami ya rufe kuɗin kaya gaba ɗaya. Ku yi magana tun farko cewa gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa. Aikin lokacin zaɓe kuwa a biya duka kafin a ɗauka, don bayan an faɗi sakamako wanda ya sha kaye ba ya ɗaga waya. Ka kuma sani cewa a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, mallakar zane ba ta komawa hannun wani sai a rubuce. Wanda ya sayi hotonka ya rataya a falo bai sayi ikon buga shi a kalanda ba. Mai tambari shi ma ku rubuta abin da ka sallama masa.

A nan Arewa da yawan masu ba da aiki ba sa son hoton abu mai rai. Kada ka ɗauki wannan a matsayin takura. Je ka zauna da masu zayyanar allon sauka, ka duba dagi da zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, da aikin wuyan babbar riga. Wanda ya iya waɗannan yana da abin sa wa a tambarin ɗan kasuwa, yana kuma da abin da zai bambanta zanensa a baje kolin Abuja ko Legas, inda kowa ya gaji da hoton mace ɗauke da tulu.

Zanen kanka kuwa, ware masa lokacin da ba a taɓawa, ko da safiya biyu ce a mako, tun kafin a buɗe shago, domin kwangila ba ta taɓa ƙarewa balle ka ce sai ka samu sarari. Yadin kambas ko akoko mai kauri za ka ɗaure a firam, kana bugawa daga tsakiyar kowane gefe, wannan gefe sannan kishiyarsa, kana tafiya zuwa kusurwa. Ka fara shafa masa gam ɗin kafinta da aka tsinka da ruwa, sannan farin fentin ƙasa shafi biyu ko uku, kana bi da samfefa mai laushi a tsakani. Dalili kuwa, man fenti idan ya shiga zaren yadi kai tsaye, a hankali yake cinye shi. A fentin mai na zane, shafin ƙasa shi ne mai ƙarancin mai, kowane na sama ya ɗara na ƙasansa. In ka juya tsarin, saman zai riga ƙasan bushewa ya tsattsage. Kada ragowar fentin allo ta ruɗe ka don tana kusa: a kan yadi ƙandarewa take yi, ranar da aka naɗe zanen ta karye. Banish kuma, shafin ƙarshe mai kare zane, sai zanen mai ya yi kamar wata 6. Tsummokaran da suka sha mai ka baza su a waje su bushe, tara su a lungu na iya tayar da wuta, tina kuma ba a aiki da ita a rufaffen ɗaki.

Kada ka nemi baje koli da zane uku. Tara kamar 15 zuwa 20 masu magana ɗaya, ka ɗauki hoton kowanne a inuwa da hasken rana, ka rubuta girmansa da shekararsa da kayan da aka yi shi da su a littafi, da sunan wanda ya saya. Gidajen baje koli suna cire kasonsu daga kowane ciniki, wasu har rabi, saboda haka ka sa wannan cikin farashi tun farko. Duk zanen da ka bari a hannunsu a ba ka takarda mai ɗauke da farashi, da kason, da ranar biya, da wanda zai ɗauki asara in ya lalace. Farashin da suka sa kuma shi ne farashinka a shago. In mai saye ya zagayo ta bayan gida ka rage masa, labari zai koma musu, kuma ba za su sake rataya aikinka ba.